Yadda Ake Nazarin Jigo da Hoto Cikin Bayani a Littafin Ƙagaggen Labari

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar adabin Hausa, ko ta WAEC ce, ko NECO, ko ta kwalejin ilimi, ya san amsar da ta fi kowace yawa. A ce wa ɗalibi ya tattauna jigon littafi, sai ya rubuta cewa jigon shi ne faɗakarwa, daga nan ya kama zuba labarin tun daga shafin farko har lokaci ya ƙure masa. Mai duba takarda kuwa ya san labarin, watakila ma ya fi ɗalibin saninsa. Hujja yake nema: ta yaya aka yi ka gane jigon ke nan, kuma da wane irin kayan aiki marubucin ya gina shi? Mafi yawan wannan hujja tana cikin hotunan da marubuci ya zana da kalmomi. Shi ya sa a nan ba za a raba nazarin jigo da nazarin hoto cikin bayani ba. Aiki ɗaya ne, daga hoton ake farawa a ƙare a jigon.

Zan yi aikin ne da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ɗaya daga cikin littattafan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Gajere ne, ana samunsa, kuma ɗalibai da yawa sun riga sun san shi. Inda ake buƙatar gwadi zan taɓo abokan fitowarsa biyu, Ruwan Bagaja da Jiki Magayi.

Mataki na farko: karanta don labari, ka taƙaita shi, ka ajiye shi gefe

Karatun farko ba na nazari ba ne. Karanta shi yadda kowa yake karantawa, ka san wane ne wane, me ya faru, me ya biyo baya. Idan ka gama, rufe littafin ka rubuta labarin cikin jimla biyar ko shida, kada ka wuce. Na Shaihu Umar zai iya zama kamar haka. Wani malami a Rauta, Shaihu Umar, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, ya tashi maraya, uwarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan uwansa fadawa suka yi wa sharri har aka kore shi daga gari. An sace Umar yana ƙarami, ya bi ta hannun mutane har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta. Sun haɗu a Tarabulus bayan shekaru masu yawa, ba a jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi ya tsira, ya zo ya zauna yana karantarwa.

Amfanin wannan taƙaitawa shi ne ƙaiƙayin ba da labari ya fita daga jikinka tun yanzu. Ka riga ka faɗe shi, ba sauran dalilin maimaita shi a cikin amsa.

Mataki na biyu: karatu da biro a hannu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin ɗalibai suke tsallakewa. Samu littafin rubutu ka raba shafi gida uku. Gidan farko lambar shafi. Na biyu abin da marubuci ya zana. Na uku halin da ake ciki a lokacin: wa ke wurin, me ya same shi, murna ake ko tashin hankali. Wannan gida na uku shi ne zai cece ka daga baya, don hoto ba ya da ma'ana sai an san inda aka ajiye shi.

To me za ka riƙa kwashewa? Duk wurin da kalmomi suka sa ka ga wani abu a zuci, ko ka ji sauti, ko wari, ko ɗanɗano, ko zafi da sanyi a jiki. Ɗalibai sukan tsaya a kan gani kawai su manta da sauran, alhali ƙishirwa a tsakiyar sahara hoto ce, kukan dabba a cikin dare hoto ne.

Wani ɓangare na waɗannan hotuna yana zuwa ne ta hanyar adon harshe, kuma ya kamata ka san sunayensu yadda masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka tsara su, ko da yake a fagen waƙa aka fi yin bayaninsu. Misalan da ke tafe nawa ne, ba daga wani littafi na ɗauko ba. Kamantawa ita ce gwada abu da wani abu ta amfani da kalma irin su kamar, tamkar, sai ka ce: "Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi." Tana iya zama ta daidaito, ko ta fifiko idan an ce abu ya fi wani, ko ta kasawa idan an ce bai kai ba. Siffantawa ba ta buƙatar kalmar gwadi, kai tsaye take cewa abu kaza shi ne kaza: "Gidan nan kurkuku ne." Jinsintarwa ita ce ba wani jinsi halin wani: idan an ce yunwa ta shigo gari tana ƙwanƙwasa ƙofofi, mutumtarwa ke nan, idan an ce mutum ya yi gurnani ya kai cizo, dabbantarwa, idan an mai da mutum kamar kayan da ake ɗauka a ajiye, abuntarwa. Sai kambamawa, wato zuzuta abu har ya wuce yadda hankali zai ɗauka, irin wadda ta cika bakin taurarin labaran barkwanci da na jarunta. Sai kuma alamtarwa, inda wani abu na zahiri yake tsayawa a madadin wata ma'ana da ba a ambata ba.

Amma ga wani kuskure da ake yawan yi. Ɗalibi ya haddace waɗannan sunaye sai ya shiga littafi yana farautar "kamar" da "tamkar", in bai samu ba ya ce marubucin bai yi amfani da hoto ba. Duba wannan jimla: "Kasuwa ta watse, ba abin da ya rage sai ƙudaje a rumfar mahauta da wata tsohuwa tana tsintar gero a ƙasa." Babu kamantawa a ciki, babu siffantawa, amma ka ga wurin, ka kuma ji talaucin tsohuwar ba tare da an ambaci talauci ba. A rubutun zube, irin wannan zayyanawa ta fi adon harshe yawa, kuma sau da yawa ta fi shi nauyi. Littafi irin Shaihu Umar, mai sauƙin harshe da natsuwa, yawancin hotunansa na wannan nau'in ne: wuri, hanya, yanayi, abin da ya sami jikin mutum.

Kada ka tsaya fassara komai a wannan mataki. Kwashe kawai. Ko ka ga abu kamar ba shi da muhimmanci, rubuta shi, daga baya ka zubar.

Mataki na uku: tara masu kama da juna

Yanzu koma kan abin da ka rubuta ka nemi abin da ya yi ta dawowa. Hoton da ya fito sau ɗaya yana iya zama ado ne kawai. Wanda ya fito sau uku, sau huɗu, a wurare masu nisa da juna, to marubucin yana son wani abu da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan ka yi wannan da Shaihu Umar za ka ga tarin farko duk na tafiya ne. Makau ya fita hari, an kore shi ya kama hanya. Uwar Umar ta tafi Fatika wajen iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Yaron ya ratsa daji, ya isa Kano, ya ƙetare sahara. Uwar ta bi sawu. Da wuya ka buɗe shafi ba ka tarar da wani a kan hanya ba. Tari na biyu na wuraren halaka ne da ba hannun mutum a ciki: kurar da ta kashe wanda ya sace Umar, da guguwar da ta binne ayari. Tari na uku na musayar hannu ne, mutum yana wucewa daga wannan ubangida zuwa wancan kamar haja. Tari na huɗu ya saɓa wa duk waɗannan: zaman karatu, malami da almajirai, wuri ɗaya ba motsi. Da shi littafin ya buɗe, a kansa kuma rayuwar Umar ta tsaya.

Ka lura da wannan saɓani, don a irinsa jigo yake yawan ɓuya. Idan ka ga tari biyu suna fuskantar juna, motsi da zama, daji da gari, duhu da haske, yunwa da ƙoshi, ja layi a ƙarƙashinsu.

Mataki na huɗu: tambayi hoton aikin da yake yi a wannan littafi

Na ce a wannan littafi ne da gangan. Babu wata ma'ana da aka yanka wa hoto wadda zai riƙa yawo da ita daga littafi zuwa littafi. Wasu ɗalibai suna zuwa da jerin da suka haddace, wai ruwa rayuwa ne, hanya ƙaddara ce, dare mugunta ne, sai su manna wa kowane labari. Wannan ba nazari ba ne.

Ɗauki tafiya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma tafiya ce ƙashin bayan labarin. Amma Alhaji Imam, tauraron labarin, da ƙafarsa ya fita, don ya wanke Liman, mijin uwarsa, daga kunyar da aka ba shi a fada, ya nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Kowane gari ya shiga fagen wasa ne da gwada wayo tsakaninsa da Malam Zurƙe, kuma ya dawo gida da abin da ya je nema. A can hanya wurin nuna dabara ce. A Shaihu Umar kuwa, yaron bai taɓa zaɓar tafiyarsa ta farko ba, ɗaukarsa ake yi. Wadda ta fita da niyyarta, wato uwarsa, hanyar ce ta cinye ta. Hoto ɗaya, aiki biyu mabambanta. Ɗalibin da ya iya nuna wannan bambanci ya riga ya wuce sa'o'insa.

Haka ma kura. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san ta da kwaɗayi da wauta da tsoro. Sanin wannan yana da amfani, amma kada ka ɗora shi a kan littafin da ƙarfi. A nan ba a kawo ta don a yi mata dariya ba. Dabbar da ya kamata ta zama ajalin yaro ita ce ta raba shi da ɓarawonsa. Sai ka haɗa ta da guguwar ƙarshen littafi, wadda ta kashe manya masu sanin hanya ta bar shi. Sau biyu ke nan halaka tana zuwa ta ɗauki na kusa da shi ta tsallake shi. Yanzu ka fara jin ƙamshin jigo.

Tambayoyi uku suna taimakawa a kan kowane tari. A wane lokaci hoton yake fitowa? Wa yake shafa, wa yake ƙyalewa? Yadda yake a farkon littafi haka yake a ƙarshe, ko ya sauya?

Mataki na biyar: faɗi jigon da cikakkiyar jimla

Kalmomi irin su faɗakarwa, wa'azi, soyayya, jarunta, tarbiyya, sunayen rukuni ne. Littattafai ɗari za su iya shiga ƙarƙashin kowace ɗaya. Ba laifi ka fara da su, musamman a jarrabawar sakandare inda ake sa ran ganinsu, amma kada ka tsaya nan. Faɗakarwa a kan me? Me littafin yake cewa game da abin? "Bauta" maudu'i ne. "Bauta tana raba uwa da ɗa, kuma ba wanda ya fi ƙarfin faɗawa cikinta" jigo ne, domin magana ce da za a iya kawo mata hujja, a iya kuma musanta ta.

Rubuta jimla biyu ko uku irin wannan, sa'an nan ka gwada kowace da ma'auni ɗaya: tana da hujja a farkon littafi, da tsakiya, da ƙarshe? Wadda ta ratsa duka ukun ita ce babban jigo. Wadda ta tsaya a wani yanki kaɗai ƙaramin jigo ce. Hassadar fadawa, alal misali, ita ta tayar da labarin Shaihu Umar, amma da an bar Kagara ƙarfinta ya ragu. Ƙaramin jigo ce, duk da muhimmancinta.

A waƙa, mawaƙi yakan furta jigonsa da bakinsa a baitocin farko. Marubucin zube bai cika yin haka ba, amma wani lokaci sunan littafi yakan yi wannan aiki. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East karin magana ne ya zama suna, kuma tun daga bango ya gaya maka cewa wani zai ɗanɗana sakamakon abin da ya aikata. Sai dai ko a nan akwai sauran aiki: jikin wa? Na Malam Shehu da ya yi amfani da dukiya ya auri Zainab, ko na Abubakar da ya sadaukar da rayuwarsa ga ramuwa, ko na ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba? Suna yana nuna ƙofa ne kawai.

Sai abu mafi wuya, wanda yake bambanta ɗalibin jami'a da mai haddar bayanan malami: nemi abin da ya saɓa wa jigon da ka zaɓa. Idan ka ce Shaihu Umar littafi ne na la'antar bauta, me za ka yi da Makau, mutumin kirki a labarin, wanda shi kansa yana cikin masu kai hari? Me za ka yi da Abdulkarim, wanda harkar bayi ce ta kawo shi Kano, amma aka zana shi a matsayin uba nagari? Idan kuma ka ce littafin na haƙuri da yarda da ƙaddara ne kawai, me za ka yi da doguwar wahalar uwar, wadda marubucin ya tsaya a kanta har mai karatu ya ji ciwon? A ganina littafin yana riƙe da duka biyun: yana nuna ɓarnar bauta ta hanyar abin da ya sami uwar, yana kuma nuna ta bakin ɗan cewa abin da Allah ya tsare ba ya halaka, ilimi kuma shi ne matsayar wanda aka tumɓuke daga asalinsa. Kana iya saɓa mini. Abin da ba za a karɓa ba shi ne ka ɓoye shafukan da ba su goyi bayanka ba.

Mataki na shida: duba bakin da labarin ya fito, da zamaninsa

Wa ke ba da labarin? A nan dattijon malami ne yake magana da almajiransa, bayan komai ya wuce. Wannan shi ya sa muryar take a natse ko a wurin da ya kamata a yi kururuwa. Da uwar ce take bayarwa, da hotunan sun sauya, da jigon ma ya karkata. Saka wannan a cikin nazarinka, jimla biyu sun isa.

Zamani ma haka. Ambaton Rabe a ƙarshen littafin yana sanya labarin a ƙarshen ƙarni na 19, tunda a 1893 ya ci Barno, aka kashe shi a 1900. An kuma rubuta littafin a lokacin mulkin Turawa, don 'yan makarantar boko su samu abin karantawa, shekara biyu kafin dokar 1936 da ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Masu karatun farko sun san mutanen da abin ya shafa da idonsu. Tarihi irin wannan gishiri ne a amsa. Kada ya mamaye ta, kuma kada ka cika takarda da tarihin marubucin a matsayin Firayim Minista, don ba shi aka tambaye ka ba.

Mataki na bakwai: rubutawa

Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya. Fara da abin da kake da'awa, kawo wurin da ya faru a littafi tare da shafi in an yarda ka shiga da littafin, bayyana yadda hoton yake aiki, sa'an nan ka ɗaure shi da jigo. Bayanin ya fi hujjar tsawo. Ga samfuri:

"Marubucin ya yi amfani da halakar da ke zuwa daga daji da sahara don nuna cewa tsirar Umar ba da ƙarfinsa ko wayonsa ba ce. Yana yaro, kura ta kashe wanda ya sace shi ta bar shi. Yana babba, guguwa ta binne ayarin da yake ciki, shi ya fita. A duka wuraren biyu wanda ya fi shi ƙarfi da sanin wuri ne ya mutu. Maimaita wannan tsari a farko da ƙarshen tafiyarsa yana ƙarfafa jigon ƙaddara, yana kuma bayyana dalilin da ya sa dattijon yake ba da labarinsa ba tare da ɗaci ba."

Ka ga labarin da aka bayar a ciki jimla biyu ne kacal, sauran duk nazari ne. Guji cewa "marubucin ya yi amfani da salo mai armashi" ka yi shiru. Wane salo, a ina, ya haifar da me? Idan za ka ɗauko kalmomin marubuci, ɗauko su daidai yadda suke. In ba ka tuna su sosai ba, faɗi abin da ya faru da kalmominka, ya fi ka ƙaga magana ka jingina masa.

Masu rubuta kundin digiri a kan littattafan zamani, irin na adabin kasuwar Kano ko waɗanda ake sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, matakan nan ba su sauya ba, hotunan ne suke sauyawa. A maimakon ayari da sahara za ka tarar da akwatunan lefe, da mota a ƙofar gida, da ɗakin amarya da na uwargida, da kicin, da wayar hannu. Lissafa kayan ɗaki da wasu marubuta suke yi shafi guda, wanda mai karatu kan tsallake, shi ma abin shigarwa ne a gida na biyu na jadawalinka, ka duba ɗakin wa aka tsaya zayyanawa, na wa aka wuce da jimla ɗaya. Matsalar waɗannan littattafai tsawo ce, wani yakan kai kashi uku ko huɗu. Karanta duka sau ɗaya, sa'an nan ka zaɓi babi biyu daga farko, biyu daga tsakiya, biyu daga ƙarshe don karatun biro, ka kuma faɗa a gabatarwar kundinka waɗanne ka zaɓa da dalilin zaɓensu. Idan daga intanet ka samo littafin, rubuta ranar da ka sauke shi da lambar babi a maimakon shafi, don irin waɗannan rubuce-rubuce marubutansu sukan gyara su ko su cire su bayan an gama sakewa.